Baƙon Damina da Ruwan Ƙorama

Yana daga cikin al'amuran da suka cancanci mai hankali ya tsaya ya yi nazarinsu, cewa watannin da makarantun ƙasar Nijar suke rufewa domin babban hutu, watau daga Yuli har ƙarshen Satumba, su ne kuma watannin da sama take sauke mafi yawan ruwanta na shekara. Saboda haka lokacin da malamin lakwal da ɗalibi da ma'aikacin hukuma suke samun sararin ɗaukar jaka su nufi garin iyaye, lokacin da matan birni suke tura 'ya'yansu wurin kakanni domin su sha fura da nonon damina, su ga yadda ake maimai a gonar gero, shi ne ainihin lokacin da hanya ta fi hatsari, ginin ƙasa ya fi rauni, rijiya kuma ta fi saurin gurɓata. Duk wanda ya san tashoshin motar Damagaram a watan Agusta ya ga wannan jama'a da idonsa, masu zuwa Mirriya da Magarya da Matamaye, da masu gangarawa ƙauyukan Guna, kowa da tsarabarsa da ɗokin ganin dangi, amma da wuya ka sami wanda ya tambayi direba ko akwai ƙorama a kan hanya.

Ita Guna ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Mirriya, cikin wannan yanki na kudancin Damagaram da Allah ya huwace wa jigawa da fadamu da koramu, inda ake noman gero da dawa da wake da gyaɗa a tudu, ake kuma lambu a kwari. Ƙasa ce wadda mafi yawan shekara ƙishi ne damuwarta, domin birnin Damagaram kansa ruwan da yake samu a shekara bai cika wuce wajen milimita 400 ba, kuma tarihinsa cike yake da wahalar ruwan sha. Daga nan ne gafalar jama'a game da hatsarin ruwa take samo asali, gama mutumin da ya tashi yana roƙon ruwa, ya ga an fita sallar roƙon ruwa tun yana yaro, ba ya saurin kawo wa ransa cewa abin da ake roƙo zai iya zama ajalinsa.

Daminar 2024 ta isa ta kawar da wannan gafala ga duk wanda yake da zuciyar ɗaukar wa'azi. A tsakiyar watan Agusta ruwa ya tafi da motoci biyu cike da fasinjoji a kan wata hanyar kasuwa a jihar Tawa, aka tsamo gawar mutum fiye da 50. A cikin watan na Agusta kuma ruwa ya datse manyan hanyoyin shiga Yamai, har babban birnin ƙasa ya yi kwanaki kusan a yanke. Ranar 30 ga Agusta aka sheƙa ruwa milimita 150 a Maraɗi cikin sa'a ɗaya da rabi, watau fiye da rubu'in abin da garin ya saba samu a shekara ɗungum, mutum 15 suka riga mu gidan gaskiya. Ranar 3 ga Satumba kuma tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube a gaban idon mutane, hotunansa suka bazu cikin wayoyi har ƙasashen waje. Kafin watan ya ƙare hukuma ta lissafa rasuwar mutum 339 a faɗin ƙasa, waɗanda ambaliya ta shafa kuwa sun haura miliyan ɗaya, har aka ɗaga komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, domin azuzuwa da yawa sun lalace, wasu kuma sun zama mafakar waɗanda suka rasa muhalli. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya sa shahada suka yi.

To, mai karatu yana iya tambaya, ta yaya ƙasar rairayi, wadda a zahiri ya kamata ta shanye duk abin da aka zuba mata, take haifar da irin wannan toroƙo? Masana ilmin ruwa da ƙasa sun daɗe suna bin diddigin wannan mas'ala, abin da suka gano kuwa ya ba su mamaki da farko: bayan farin 1973 da na 1984, alhali ruwan sama ya ragu, sai ruwan da ke gudu a bisa ƙasa ya ƙaru a wurare da yawa na Sahel. Dalili shi ne, da itatuwa suka mutu, ciyawa ta ƙare, aka share daji aka mai da shi gona ba tare da barin saura ba, sai ɗigon ruwa ya riƙa dukan ƙasa tsirara yana farfasa ƙwayoyinta, laushin ya toshe ƙofofin da ruwa ke bi ya nutse, rana ta gasa shi, fuskar ƙasa ta yi tauri kamar daɓen ɗaki. Milimita ɗaya na ruwan sama daidai yake da lita ɗaya a kan kowace mita murabba'i. Idan aka yi ruwa irin na Maraɗi, kadada ɗaya kaɗai ta karɓi lita miliyan ɗaya da rabi, in kuwa ƙasa ta ƙi sha, babu inda zai nufa sai gangare. Ga kuma wani abu a bisa wannan: wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature a 2017, wanda ya dogara da hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya nuna cewa manyan haduran Sahel masu tsananin ruwa sun ninka sau uku tun daga 1982, masu binciken kuma suka danganta haka da ƙaruwar zafin hamadar Sahara. Ruwan da a da yake rarrabuwa cikin makonni, yanzu yakan zo a dare guda.

Abin da ya fi yaudarar baƙo shi ne, ruwan da ke cika ƙorama sau da yawa ba a kansa aka yi shi ba. Hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, yana iya juye kayansa a wata jigawa mai nisa, ruwan ya tattaru daga kwazazzabai ya biyo kwari, ya iso mashigi bayan sa'o'i, alhali a mashigin rana ce tarwai, ko ɗigo ba a yi ba.

Wannan na gan shi da idona wata damina da na tafi hutu wurin dangi a ƙasar Guna. Muna cikin motar haya da la'asar sakaliya, sama garau a kanmu, sai dai can gabas an yi baƙi, muka iso wani mashigin siminti irin wanda direbobi ke kira radiye, muka tarar ruwa ja yana malala a kansa, bai fi ƙauri ba a ganin ido, yana ɗauke da kumfa da karare. Direba ya rage gudu yana shawara, fasinjoji kuwa suka shiga zuga shi, domin kowa yana so magariba ta yi masa a gida. Sai wani dattijo da ke tsaye a bakin ruwan, da hauyarsa a kafaɗa, ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, kashe motarka. Wannan kan ruwa ne ya iso, gangar jikinsa tana tafe." Direba ya ce, "Haba Baba, ko jiya ta nan na wuce." Dattijon ya ce, "Jiya kana ganin abin da ƙafarka ke takawa. Yau wa ya gaya maka yana nan?" Ya karyo kara ya kafa shi daidai inda ruwan ya tsaya, ya ce a yi alwala a jira. Kafin mu sallame sallar magariba karan ya ɓace, ba da jimawa ba muka ji rugugi, sai ga kututturen itace da rassansa yana juyawa a tsakiyar mashigin da muke niyyar bi. Babu wanda ya ƙara ɗaga murya. Mai garin ƙauyen ya raba mu gidaje muka kwana, da safe ruwa ya janye, muka tarar ya zaizaye gefe ɗaya na simintin ya bar rami wanda zai haɗiye ƙafar mota har gindi.

Abin da dattijon nan ya sani da gogayyar rayuwa, lissafi ma ya tabbatar da shi. Ruwan da zai cika ramin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa kowanne mita ɗaya ne, nauyinsa tan guda ne cur. Ƙarfin turinsa kuwa ba daidai da gudunsa yake ƙaruwa ba, gama in gudun ya ninka biyu, turin sau huɗu yake ninkawa. Hukumomin ceto suna gargaɗi cewa ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana iya kayar da babban mutum, wanda ya kai 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, wanda ya kai 60 kuwa yana tafiya da mafi yawan motoci har da manya masu ƙarfi. Mota rufaffiya ce, cikinta iska, da zarar ruwa ya kai cikinta sai nauyinta ya bar ƙafafunta, daga nan sitiyari da birki ba su da sauran amfani. Mai babur da mai amalanke sun fi kowa shiga hatsari. Dabarar karan nan kuwa kowa yana iya yin ta, ba ta bukatar ko dala: a kafa alama a bakin ruwa, a jira mintoci, in ruwa ya haye ta to yana ƙaruwa, kuma ruwan da ke ƙaruwa ba a shigarsa ko da bai wuce idon sawu ba. In ya fara janyewa ma, sai wani ɗan gari ya bi mashigin da sanda ya tabbatar ƙasan tana nan.

Na san akwai masu ganin cewa tsayawa a bakin ruwa rauni ne na tawakkali, suna cewa abin da Allah ya rubuta ba makawa. Magana ce ta gaskiya da aka ajiye ta ba a muhallinta ba. Littattafan hadisi da tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, yana kan hanyarsa ta zuwa Sham, da ya isa wani wuri da ake kira Sargu, Abu Ubaida da sauran sarakunan yaƙi suka tarye shi da labarin annoba ta ɓarke a ƙasar. Ya tara Muhajirai da Ansaru da dattawan Ƙuraishawa ya yi shawara, sa'an nan ya juya da jama'arsa zuwa Madina, ya kuma fahimtar da wanda ya yi masa inkari cewa komawar ita ma tana cikin ƙaddarar Allah. Idan Sarkin Musulmi, wanda ba a taɓa tuhumarsa da tsoro ba, ya katse tafiyarsa domin kiyaye rayukan da ke hannunsa, mene ne hujjar direban da ya ɗauko amanar mutum ashirin ya afka da su cikin ruwan da bai san zurfinsa ba? Haka nan malamanmu na mazhabar Imamu Malik, kamar yadda kowane almajiri ya karanta a Risalar Ibn Abi Zaid, sun yi rangwamen haɗa Magariba da Isha'i a masallaci a daren ruwa, ko daren taɓo da duhu, domin kada masallata su wahala. Shari'ar da ta sassauta lokacin salla saboda ruwan sama ba za ta wajabta wa mutum isa wurin suna ko ɗaurin aure a daren nan ba. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofi biyar da malaman usulu suka ce shari'a ta zo domin tsare su, fasinjan da ke zuga direba kuwa ya sani yana da kamasho cikin alhakin abin da zai biyo baya.

Hanya ke nan. Akwai kuma ɗakin kwana, wanda a ganina hatsarinsa ya fi ɓuya, domin mace-macen ambaliya a ƙasarmu ta ƙofa biyu suke zuwa, nutsewa da ruftawar gini, na biyun kuwa cikin dare yakan auku, mutane suna barci. Ginin ƙasa gini ne mai daraja, ya fi siminti sanyi da bazara, kuma soraye nawa ne a Birnin Damagaram suka ga sarakuna da yawa suna tsaye. Amma ƙarfinsa yana ga bushewarsa. Idan ruwa ya kwanta a gindin bango, ƙasar tana tsotsarsa sama sannu a hankali har tushen ya koma laka, alhali saman yana nan da nauyinsa. Idan kuma indararo ya toshe, ruwa ya taru a kan soro, rufin ya ƙara nauyi a kan azarar da wataƙila gara ta riga ta ci. Gini ba ya faɗuwa bai yi magana ba. Sabuwar tsaga a kusurwa, da layin damshi mai hawa bango, da ƙofar da ta fara ƙin rufuwa, da ƙasa mai zubowa daga rufi, da ƙarar azara, duk sanarwa ce, wanda ya ga ɗaya daga cikinsu a daren ruwa ya kwashe yara ya fita, rumfar kara ta fi masa aminci. An ba da labari cewa shi kansa masallacin Damagaram an ga tsagoginsa kafin ya faɗi, sai dai ruwan da ake yi ba ƙaƙƙautawa ya hana a taɓa shi. Gyaran ginin ƙasa aikin rani ne, wanda ya bari sai Agusta ya makara.

A nan akwai wata matsala da ta keɓanta da baƙo, ita ce kunya. Ɗakin da ake sauke shi sau da yawa shi ne ɗakin da babu mai kwana ciki duk shekara, wanda aka manta da yaɓensa da rani, aka share shi jiya aka shimfiɗa sabuwar tabarma domin girmamawa. Ɗan birni ya shiga ya ga tsaga, zuciyarsa ta raya masa wani abu, amma ya ji nauyin kada kawunsa ya ce ya raina gidansu. Ina roƙon masu masauki su sauke wa baƙinsu wannan nauyi, su duba ɗakin da kansu kafin baƙo ya iso. Ina kuma roƙon baƙo ya faɗa da ladabi, domin "Kawu, ko a duba bangon nan" ba ta taɓa raba zumunci ba. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, maganin makanta kuwa tambaya. Tun ranar da ya sauka ya tambaya ina ruwa yake bi in ya yi yawa, wane tudu ake hawa, ina gidan likita mafi kusa kuma ana iya isa gare shi in ƙorama ta kawo.

Guzurin da ake bukata bai taka kara ya karya ba. Tocila mai batir, salula da caji tare da batirin ajiya, lambobin dangi a rubuce a takarda domin waya tana iya jiƙewa, katin ɗan ƙasa da takardun haihuwar yara a ƙulle cikin leda, 'yan kuɗi a hannu, gidan sauro, da maganin mai hawan jini ko ciwon suga wanda zai wuce kwanakin da aka ƙiyasta, gama wanda ya zo kwana uku ruwa yana iya riƙe shi mako. Lambar 'yan kwana-kwana a Nijar 18 ce, ya kamata ko yaro ya haddace ta, amma gaskiyar magana ita ce a ƙauyen da hanyarsa ta yanke, maƙwabci da igiya da tsani su ne za su fara isowa.

Bayan ruwa ya janye ma ba a fita daga hatsari ba. Ambaliya tana kwaso ƙazantar masai da ta turke ta zuba a rijiyar da ba ta da baki mai tsawo, daga nan ne amai da gudawa suke tashi, saboda haka ruwan sha sai an tafasa shi ko an sa masa ƙwayar tsarkake ruwa. In gudawa ta kama yaro, a dama cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a riƙa ba shi, ana kuma neman hanyar likita. Kududdufan da aka haƙa domin tubali suna cika su yi zurfin da ba a zata ba, yaran ƙauye sun san bakinsu, yaran birni kuwa ba su iya iyo ba kuma suna jin kunyar faɗi a gaban sa'o'insu. Zazzaɓin da ya taso wa yaro bayan an koma gida a gaggauta gwada jininsa, domin ƙarshen damina ne ganiyar cizon sauro.

Ba za a ce ƙasar nan ba ta da masu hangen yanayi ba. Cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974, kowace shekara kafin damina masana na yankin suna fitar da hasashensu, kuma a 2024 sun faɗa tun da wuri cewa ruwa zai wuce yadda aka saba a Sahel. Hukumar yanayi ta ƙasa tana ba da sanarwa a rediyo, an kuma kakkafa kwamitocin gargaɗin gaggawa a ƙauyuka da ƙananan hukumomi da dama. Sai dai hasashe iyakarsa ya ce za a yi ruwa mai yawa a jihar Damagaram. Ba zai gaya wa direban da ya taso daga birni cewa mashigi kaza ya kawo ba. Wannan ilmin yana wurin manomi da makiyayi da mai gari, kuma yau kusan babu ƙauyen da ba a samun salula a cikinsa. Abin da ya rage shi ne a haɗa ilmin biyu, kuma a ganina waɗanda wannan farali ya fi hawa kansu su ne 'yan asalin Guna mazauna Damagaram da Yamai da Kano, su da suke zuwa hutu, 'ya'yansu kuma suke bin hanyar. Suna iya zama da shugaban ƙaramar hukuma da masu garuruwa bayan girbi, a ƙidaya mashigan da suka saba kawowa, a kafa wa kowanne turakun ƙarfe biyu masu jan fenti daga santimita 30 zuwa sama domin direba ya ga zurfin ruwa da iyakar siminti, a kuma naɗa mutum ɗaya a ƙauyen da ke sama da kowane mashigi wanda zai kira shugaban tasha da zarar ruwa ya wuce ta wurinsu. Kuɗin turakun da na katin wayar mutumin bai kai abin da ƙungiya ɗaya take kashewa a walimar salla ba, kuma daga Nuwamba zuwa Mayu ƙoramun a bushe suke, ana iya aikin da ƙafa.